Yadda ake bin sawun tarihin kwalejin noma da jami'a ta haɗiye

Abin da ya jefa ni cikin wannan harka ba wani bincike bane na a zo a gani, satifiket ɗin kawuna ne da ya ɓata. Tsoho ya yi difloma a wata kwalejin noma tun kafin a haife ni, ana neman takardar saboda gyaran fansho, sai aka ce tunda ni ne ɗan boko in je in karɓo wata. Naje jami'ar da kowa ya san ita ce ta haɗiye kwalejin, na faɗa wa wani matashi a ofishin rijistara sunan makarantar, ya ɗaga kai ya kalle ni yace shi fa bai taɓa jin wannan sunan ba. Kuma wallahi ginin da muke tsaye a ciki ginin kwalejin ne, har yanzu haruffan sunanta na nan a jikin ƙarfen tagar da ke bayansa, fenti ne kawai ya ɗan rufe su. Sai da na yi sati uku ina zirga-zirga kafin a turo ni wajen wani tsohon ma'aikacin gona, shine ya kai ni wani sito kusa da garejin taraktoci inda aka jibge fayilolin ɗalibai cikin buhuna.

Toh daga nan abin ya shiga raina, na dinga karanta yadda irin waɗannan makarantu suka ƙare a ƙasashe daban-daban, kuma na lura kusan hanya ɗaya ake bi in ana so a gano gaskiyar abin da ya faru. Ko furojet ne aka baka a makaranta, ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce ta ɗora maka rubuta tarihi, ko kuma irin nawa ne na neman takarda, ga yadda zaka kama bakin zaren.

Fara da suna, ko in ce sunaye, don da wuya ka samu kwalejin noma mai suna ɗaya tun daga haihuwa har mutuwa. Ka samu takarda ka ja layi, ka rubuta kowane suna da shekarar da aka fara amfani da shi da wadda aka daina. Kwalejin Wye da ke yankin Kent a Ingila misali, asalin ginin nata na 1447 ne, wani babban limamin coci John Kempe ya kafa shi don horas da malaman coci, sai 1894 aka mayar da wurin makarantar noma da sunan South Eastern Agricultural College, daga baya ta shiga cikin makarantun Jami'ar Landan, sannan a 2000 ta haɗe da jami'ar Imperial College ta Landan. In ka shiga laburare kana neman "Wye" kaɗai, duk abin da aka ajiye da wancan dogon sunan na 1894 zai wuce ka baka sani ba. Haka a intanet, kowane suna ka bincika shi daban, ka sa shi tsakanin alamar zance don kada injin bincike ya watsa maka kalmomin, kuma ka gwada har da gajerun haruffan da ɗalibai ke kiran makarantar da su, don tsofaffin ɗalibai basa rubuta cikakken suna in suna hira.

Wanda yafi ba ni dariya a wannan fanni shine kwalejin Orange a Ostireliya. Ita hannu uku ta shiga. Ta fara zama ƙarƙashin Jami'ar New England a 1990, bayan 'yan shekaru aka mayar da ita Jami'ar Sydney a 1994, daga baya kuma aka miƙa harabar ga Jami'ar Charles Sturt. Kaga kenan mutum uku zasu iya zama a aji ɗaya, su kwana a hostel ɗaya, su share garke ɗaya, amma kowa tambarin da ke jikin takardarsa daban, ya danganta da shekarar da ya gama. Wanda zai rubuta tarihin irin wannan wuri sai ya buga ƙofa uku.

Bayan suna, sai ka tsaya ka tantance wace irin haɗewa ce aka yi, nan ne mutane da yawa suke zamewa, suna ganin an rubuta "ta haɗe" sai su kwafa su wuce. Akwai alaƙa kawai, wato kwaleji tana nan da shugabanta da kuɗinta da gonarta amma wata jami'a ce ke sa hannu a digirinta. Kwalejin noma ta Ontario da aka kafa a Guelph ta Kanada a 1874 ta daɗe a haka, ɗalibai suna karatu a Guelph, digiri kuma na Jami'ar Toronto ne, sai a 1964 aka tattara ta da kwalejin likitan dabbobi ta Ontario da Macdonald Institute, makarantar koyar da mata harkokin gida, aka yi sabuwar Jami'ar Guelph. Wannan kuma wani iri ne daban, babu wanda ya haɗiye wani, su ukun ne suka haifi jami'ar. Akwai kuma inda babbar jami'a ke ɗaukar kwaleji ta mayar da ita tsangaya, kamar yadda Jami'ar Dalhousie ta yi da kwalejin noma ta Nova Scotia a 2012, makarantar da ta faro tun 1905, ta koma tsangayar aikin gona tana nan a inda take kusa da garin Truro. Sannan akwai wadda ake kira haɗewa a takarda amma ƙarshenta rufewa ne, zamu zo kanta.

Kuma ka kiyaye da waɗanda basu haɗe da kowa ba, girma kawai suka yi suka canza riga. A Amurka haka ya fi yawa. Dokar Morrill ta 1862 wadda shugaba Lincoln ya sa wa hannu ta bai wa jihohi filaye su sayar su kafa kwalejojin noma da ƙere-ƙere, da yawansu sune suka bunƙasa suka zama manyan jami'o'in jiha. Jami'ar Michigan State ta yau kwalejin noma ce da aka kafa a 1855, babu jami'ar da tazo ta ɗauke ta. In ka sa irin wannan a cikin jerin waɗanda aka haɗe, duk wanda ya san abin zai gane baka yi aikin gida ba.

Yanzu sai takardar doka. Kada ka yarda da shekarar da ke shafin "tarihinmu" na jami'a kaɗai, galibi ofishin hulɗa da jama'a ne ya rubuta shi, kuma shi burinsa a ga komai ya tafi sumul. Ka nemi dokar da majalisa ta zartar ko sanarwar da ta fito a gazet ɗin gwamnati ko yarjejeniyar da hukumomin makarantun biyu suka sa wa hannu. Zaka ga sau da yawa ranaku uku ne ko huɗu, ranar da aka sanar, ranar da doka ta fara aiki, ranar da aka miƙa ma'aikata da kadarori, da kuma shekarar da aka yaye ɗaliban farko da sabon suna, kuma tsakanin ta farko da ta ƙarshe ana iya samun shekaru. Shi yasa zaka ga littafi biyu sun saɓa da shekara ɗaya ko biyu kuma kowanne da gaskiyarsa. Kai dai in zaka rubuta ka faɗi wace rana kake nufi.

A cikin wannan takarda ka duba waye mai makarantar kafin haɗewa, don nan labarin yake. Kwalejojin noma da yawa ba na ma'aikatar ilimi bane tun asali, na ma'aikatar gona ne, ita ke biyan albashi, ita ke naɗa firinsifal, kuma ita ke ɗaukar yaran aiki in sun gama su zama malaman gona da ake turawa ƙauyuka. Malaman da ke koyarwa su kansu ma'aikatan gwamnati ne da aka yi wa canjin wurin aiki, wani daga gonar gwaji aka ɗauko shi. To ranar da aka ce makaranta ta koma jami'a, mutumin da ya shekara ashirin yana koya wa yara yadda ake fiɗiye ɗan maraƙi da yadda ake saita garmar tarakta sai ya wayi gari ana tambayarsa ina digirinsa na uku, ina takardun binciken da ya wallafa. Wasu a basu zaɓi ko su koma ma'aikata ko su zauna da ƙaramin muƙami. In ka samu jerin ma'aikata na shekara biyu kafin haɗewa da na shekara biyar bayanta ka ajiye su gefe da gefe, abin da zaka gani ya fi duk jawabin da shugaban jami'a ya yi ranar biki.

Misali na kusa da masu karanta Hausa da yawa suka sani shine na Samaru. Cibiyar binciken aikin gona ta can ta faro ne a 1922 a matsayin sashen bincike na ma'aikatar gona ta Arewa, da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai aka miƙa mata ita. Kwalejojin noma na Samaru da Kabba da ta Mando a Kaduna su ma yanzu ƙarƙashin jami'ar suke a wani sashe guda. Wato ɗalibi zai iya karatu a Kabba can jihar Kogi, bai taɓa kwana a Zariya ba, amma takardarsa ta jami'ar ce. Mai bin tarihin irin wannan dole ya raba binciken gida biyu, na zamanin ma'aikata yana rumbun adana takardun gwamnati, na bayan nan kuma yana jami'a.

Sai tambayar dalili, me yasa aka haɗe. Anan ina ba da shawara ka ɗaga kai daga kan makarantar ka kalli ƙasar gaba ɗaya a wannan shekarar, don da wuya kwaleji ɗaya ta tashi ita kaɗai tace tana son aure. Ostireliya ce tafi nuna wannan ƙarara. A ƙarshen shekarun 1980 ministan ilimi John Dawkins ya kawo tsarin da ya rushe bambancin da ke tsakanin jami'o'i da kwalejoji, aka ce duk makarantar da ke son shiga sabon tsarin ta samu kuɗin gwamnatin tarayya sai tana da aƙalla ɗalibai 2,000, su kuwa kwalejojin noma ƙanana ne, a bayan gari suke, ina zasu samo wannan adadi. Sai ga shi cikin ɗan lokaci Hawkesbury wadda aka kafa 1891 ta shiga Jami'ar Western Sydney a 1989, ta Gatton a Queensland mai asali tun 1897 ta shiga Jami'ar Queensland a 1990, Roseworthy kuma wadda ita ce ta farko a ƙasar tun 1883 ta shiga Jami'ar Adelaide a 1991. Wanda ya karanta tarihin Roseworthy kaɗai zai ɗauka wata matsala ce ta cikin gida ta kai ta, alhali guguwa ɗaya ce ta kwashe su duka. Haka a Denmark, jami'ar likitan dabbobi da noma ta masarauta da ta haura shekara 150 ta shiga Jami'ar Copenhagen a farkon 2007, a daidai lokacin da gwamnati ke tattara jami'o'i da cibiyoyin bincike na ƙasar tana rage yawansu.

Wani dalilin kuma siyasa ce ta samun 'yancin kai. A tsibirin Trinidad da ke yankin West Indies an yi wata kwalejin noma mai suna Imperial College of Tropical Agriculture a St Augustine, wadda ta faro a farkon shekarun 1920, can ne Turawan Ingila ke tura matasan jami'an gona su koyi noman ƙasashen zafi kafin a rarraba su zuwa Afirka da Asiya. Da mulkin mallaka ya zo gangara, masu zuwa karatun suka fara ƙarewa, su kuma ƙasashen yankin suna gina tasu jami'ar, sai a 1960 aka haɗe ta da kwalejin jami'a ta West Indies, ta zama tsangayar noma kuma tushen harabar St Augustine. Kaga anan ba ƙarancin kuɗi kaɗai bane, aikin da aka kafa makarantar dominsa ne ya ƙare.

Amma duk da haka kada ka raina kuɗi. Kwalejin noma tsada gare ta fiye da yadda mutane ke zato. Ajin koyon lauya ko tarihi allo da kujeru da laburare sun isa, malami ɗaya ya tsaya gaban ɗalibi ɗari uku. Noma kuwa sai gona, sai shanu da zasu ci abinci ko ana hutu ko ana yajin aiki, sai tarakta da man da zata sha da makanikin da zai gyara ta, sai likitan dabbobi, sai leburori, kuma ba zaka koya wa mutum ɗari uku tatsar nono lokaci ɗaya ba, ƙungiya-ƙungiya ake yi. Duk akawun jami'a da ya raba kuɗin da ake kashewa da yawan ɗalibai zai ga sashen noma ja wur. Don haka ka nemi rahoton kuɗi na shekara-shekara da bayanan zaman majalisar gudanarwa, ka duba wane shafi ne aka fara kiran gonar "nauyi".

Wanda ya kawo mu kan abin da ni a ganina yafi komai, wato filin. In lokaci ya ƙure maka baka iya bin komai ba, bi gonar. Nemi tsohon taswirar makarantar ko takardar mallakar fili, ka rubuta hekta nawa ce ranar haɗewa, sannan ka buɗe Google Earth ka duba wurin yau, akwai ma maɓallin da ke nuna tsofaffin hotunan sama na shekarun baya, kana ja kana ganin yadda gine-gine ke cin kore. Ka tambaya sunan waye ke kan takardar filin yanzu, kuma ko an sa sharaɗi lokacin miƙawa cewa ba za a sayar ba ko dole a ci gaba da koyar da noma a kai. Da yawan waɗannan filaye kyauta ce wani mai hali ya bayar da niyya takamaimai. Egerton a Kenya haka ta faro a 1939, Lord Egerton ne ya ba da fili a Njoro aka yi makarantar koyon noma. Seale-Hayne a yankin Devon na Ingila ita ma da dukiyar wasiyyar mutumin da take ɗauke da sunansa aka gina ta, ta shiga kwalejin kimiyya da fasaha ta Plymouth a 1989, wadda ta zama jami'a daga baya, sai a 2005 aka rufe harabar aka kwashe kwasa-kwasan zuwa cikin birni. Wye ma bayan haɗewar 2000 ba a jima ba aka daina ɗaukar ɗaliban noma, aka fito da wani babban shirin gine-gine a yankin, mutanen ƙauyen suka tashi tsaye har aka janye shi a 2006, sannan aka rufe harabar a 2009. Shekara tara kenan tsakanin ɗaurin aure da rufe ƙofa.

Kada kuma wannan yasa ka shiga aikin da hukunci a aljihu cewa duk haɗewa cuta ce. Gatton tana nan da ranta, har makarantar likitan dabbobi ta Jami'ar Queensland aka kwaso daga birni aka kai can, Roseworthy ma an buɗe makarantar likitan dabbobi a harabarta bayan haɗewa, Guelph kuwa sai dai a ce masha Allah. Akwai ɗaliban da a da difloma ce iyakarsu, haɗewa ce ta buɗe musu hanyar digiri har zuwa na uku ba tare da sun sake farawa daga tushe ba. Ni abin da na lura shine inda aka bar tsangayar a kan gonarta, da shugaba mai iko da kasafin kuɗinsa, abin yakan ɗore, inda kuma aka ce "ai za a riƙa kawo ɗalibai da bas suna yin firaktikal", toh fara ƙirga shekaru.

Akwai kuma masu shiga su fita, su ma ka sa musu ido don kada ka rufe tarihin da wuri. Ita Egerton ɗin shekara ɗaya tak ta yi a matsayin kwalejin Jami'ar Nairobi, 1986, sai 1987 ta zama jami'a mai cin gashin kanta. A Tanzaniya kwalejin noma ta Morogoro ta 1965 ta zama tsangaya a Jami'ar Dar es Salaam, sannan a 1984 aka ɓalle ta ta zama Jami'ar Noma ta Sokoine. Lincoln a New Zealand ta faro 1878 a jikin kwalejin Canterbury, sai 1990 ta tsaya da ƙafarta. A Denmark kuwa akasin haka aka yi, tsangayar da waccan jami'ar noma ta zama a cikin Jami'ar Copenhagen a 2007 ba ta daɗe ba, a 2012 aka raba ta tsakanin tsangayar kimiyya da ta lafiya. Don haka in ka kai shekarar haɗewa kada ka ajiye biro, ƙara gaba da shekara ashirin.

Toh ina takardun suke? Wannan shine inda zaka sha wahala, gara in faɗa maka tun yanzu. A ƙa'ida jami'ar da ta gaji kwaleji ita ke gadon rijistar ɗalibai, don haka mai neman takardar sakamako ofishin rijistara ko na jarabawa zai fara zuwa, da tsohon sunan makaranta da shekarar shiga da ta fita da lambar ɗalibi in akwai. Amma a aikace fayiloli sukan rabu uku. Na ma'aikata da na kuɗi na zamanin da sukan koma ma'aikatar gona ko rumbun adana takardu na ƙasa, na ɗalibai wani lokaci a kwashe su zuwa babbar haraba wani lokaci a bar su inda suke, na gona kuwa, littafin haihuwar dabbobi da na ruwan sama da na girbi, yawanci babu wanda ya tuna da su, suna ofishin manajan gona gara tana ci. Waɗannan na ƙarshen zinari ne. Littafin ruwan sama na shekara hamsin da aka rubuta da hannu kowace safiya, ko rijistar garke da ke nuna ranar da aka sayar da shanu na ƙarshe, babu wani rahoton kwamiti da zai baka abin da zasu baka. In an barka ka gani, ɗauki hoton kowane shafi da wayarka har da bango, ka rubuta inda ka same shi da ranar, don kana iya dawowa baɗi ka tarar an share siton.

Mujallu ma suna taimakawa sosai. Kwalejin Trinidad ɗin nan ta fara fitar da mujallar Tropical Agriculture a 1924 kuma jami'ar ta ci gaba da ita bayan haɗewa, kana bin fitowa bayan fitowa zaka ga lokacin da sunan mawallafi ya canza da yadda batutuwan suka juya. Ƙananan kwalejoji kuma suna da mujallar ɗalibai da kundin yaye ɗalibai da littafin kwasa-kwasai na kowace shekara. Wannan littafin kwasa-kwasan ka riƙe shi da kyau, ka ƙirga awa nawa ɗalibi ke yi a gona a sati kafin haɗewa, awa nawa bayanta, ka duba ko an ci gaba da ƙananan kwas na satifiket da gajerun horo na manoma ko an yar da su saboda "basu dace da jami'a ba". Galibi su ake fara yankewa, kuma su ne waɗanda manomin da ke maƙwabtaka da makarantar yake amfana da su.

Sai hira da mutane, kuma ka hanzarta don masu labarin tsufa suke. Kowa zai ce maka je wajen tsohon firinsifal ko farfesa wane, to ka je, amma su sun saba ba da labarin har ya yi santsi. Ka nemi direban tarakta, da makiyayin garke, da matar da ta yi aikin buga takardu a ofishin firinsifal don ita ta buga wasiƙun da ba a so kowa ya gani, da mai kula da sito. Kada ka tambaye su "ya kuka ji da haɗewa", amsar zata zama alhamdulillahi kawai. Tambaye su abu ƙarami, wa ke sa hannu a sayo abincin dabbobi kafin nan kuma wa ke sawa bayan nan, kwana nawa ake ɗauka kafin kuɗin ya fito. Tsohon da ya kai ni siton nan da na yi masa irin wannan tambaya sai ya yi shiru, can yace, "Ɗana, da in saniya ta kwanta da dare firinsifal nake tasa, gidansa ga shi can. Bayan nan sai aka ce in rubuta takarda." Bai ƙara komai ba, nima ban ƙara tambaya ba. Ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka kuma tambaya ko sun yarda a sa sunansu, wasu har yanzu 'ya'yansu na aiki a wurin.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai a Facebook da WhatsApp su ma taska ce ta hotuna, ka saka tsohon hoto ɗaya kawai kace wa ya gane wannan gini, kafin dare zaka samu sharhi ɗari. Sai dai ka sani su kullum da can yafi yanzu, kuma shekarunsu sukan zame, mutum zai rantse maka abu ya faru shekarar da ya gama alhali sai bayan shekara uku aka yi. Duk ranar da aka baka da baki ka auna ta da takarda, duk abin da takarda ta faɗa kuma ka tambayi wanda yake wurin ko haka aka yi a ƙasa.

Wajen rubutawa, ni dai shawarata ka fara da jadawalin shekaru a shafi ɗaya don kanka, ba don mai karatu ba, kowace shekara da inda ka samo ta, inda majiya biyu suka saɓa ka rubuta duka biyun. Sannan ka kira makarantar da sunan da take da shi a lokacin da kake magana a kai, kada kace wane ya yi karatu a jami'a kaza a 1950 alhali jami'ar ba a haife ta ba tukuna, wannan kuskure ya cika tarihin rayuwar mutane a intanet. Ka lura kuma da dabarar da jami'o'i ke yi ta aron shekaru, jami'ar da aka kafa jiya sai ta riƙa ƙirga shekarunta daga ranar da aka kafa kwalejin da ta haɗiye tana bikin cika ɗari, ba laifi bane amma kai ka rarrabe wa mai karatu wanne ne wanne.

Na kawu dai daga ƙarshe a buhu na huɗu muka same shi, kati ne mai ruwan ƙasa da hotonsa yana saurayi da gashi cunkus, an manna shi da wani ƙaramin ƙarfe da ya yi tsatsa har ya ci gefen takardar. Rijistara ya buga mana wasiƙa a kan takardar jami'a yana tabbatar da cewa wannan kwaleji ita ce ta zama tsangayarsu, ya haɗa da kwafin katin ya buga hatimi. In kaima irin wannan kake nema, ka roƙi a rubuta tsohon suna da sabo duka a cikin wasiƙar da shekarar da aka haɗe, don ofishin da zaka kai wa su ma akwai yiwuwar basu taɓa jin tsohon sunan ba, kuma kayi kwafi uku kafin ka miƙa.